Bikin Unguwarmu Ya Koma Cikin Waya

Mu dai a unguwar nan, in ba ka da data, ba za ka san wa ke aure ba. Da can ana saura mako guda za ka ga yara suna bin gida-gida da goro da alawa, mata kuma su yafa gyale su taka da ƙafarsu su sanar da dangi. Yanzu kati ɗaya ake zanawa a waya, a jefa shi guruf ɗin WhatsApp, a ɗora a sitatus, shi ke nan an gayyaci duniya. Ka yi ƙorafin ba a faɗa maka ba, amsa na nan a shirye: "Haba Yaya, ba ka ga sitatus ɗina ba?" Kafin ka ankara laifin ya dawo kanka, kai ne ma za ka ba da haƙuri.

Ƙawayen amarya kuwa nasu guruf ɗin daban. A sa hoton atamfar anko, a ƙasa lambar asusu. Wadda ta biya ta turo shaida, a yi mata alama a gaban sunanta, kowa na gani. Kullum da safe a sake jero sunayen, wai tunatarwa. Wadda ba ta da hali fa? Sai ta ci bashi, ko ta ce wayarta ta faɗa ruwa. Da a ɗaka ake wannan lissafi: uwar biki ta rubuta gudummawar kowa a ɗan littafi, ta tura ƙarƙashin katifa har ranar ramawa, ba wanda ya ji sirrin wani.

Taransifa kuma wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ce ta koya mana ita dole, lokacin da takardar naira ta yi ɓatan dabo. Yau mai POS a ƙofar wurin biki yake kafa lemarsa. Har maroƙi ya waye. Ka shafa aljihu ka ce babu canji, sai ya sunkuyo: "Ranka ya daɗe, ai ina karɓar taransifa." Ya karanto maka lamba goma da ka, bai ko numfasa ba.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne kiɗan. Iyayenmu mata da amada suka yi nasu bikin, a kifa ƙwarya cikin ruwa, a yi ta cashewa a tsakar gida ba namiji ko ɗaya, ana rera waƙoƙin Barmani Choge. Allah Ya ji ƙanta, tun 2013 ta rasu. Yanzu DJ ne da kwamfutarsa da manyan sifiku. Waƙar amarya ma oda ake bayarwa: a tura wa mawaƙi sunayen dangi ta waya, ya shiga situdiyo ya jera su a kan fiyano, ya turo ta WhatsApp. Bai san amarya ba, bai san kakanta ba, bai san ko gidan malamai ne ko na mahauta. In ka saurara da kyau, ita ce dai waƙar da aka yi wa 'yar maƙwabta watan jiya, sunaye kawai aka sauya. Tun da "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta tashi a 2020, lokacin kullen korona, matan aure suna taka rawa gaban mazajensu ana ɗauka, aka yi ta cece-kuce, mawaƙa suka gane inda kasuwa take. Waƙar da ba a taka a TikTok ba, kamar ba a yi ta ba.

Ku tsaya ku kalli shigowar amarya. Hannu duk a sama, ba mai tafi, ba mai guɗa, kowa ta cikin gilashin wayarsa yake kallonta alhali ga ta a gabansa. Ta iso tsakiyar fili, mai bidiyo ya ɗaga hannu: "A koma baya, haske bai yi ba!" A koma a sake shigowa. Gwaggo ta fara nasiha murya na rawa, an kara mata waya uku a baki, ta rikice ta taƙaita. Amarya za ta yi kukan rabuwa, mai kwalliya na gefe tana raɗa mata ta daure kada hoda ta ɓaci.

Ban ce duk sharri ba ne. Yayar amarya da ke Jidda ta ga kamu kai tsaye, har da hawayenta. Mai ƙunshin layinmu ta Instagram take samun amare, da kuɗin take biya wa ƙannenta makaranta.

Amma don Allah, mai biki ta gaba a layin nan, tura katinki a guruf, ba mu hana ba. Sai dai ki aiki yaro da goro gidan Iya ta ƙarshen lungu. Wayarta mai tocila ce, ba ta buɗe hoto, kuma biki uku ke nan sai ƙarar sifiku ke sanar da ita.