Yadda Ake Tara Duwatsu a Ƙasar Bichi Ba Tare da An Kira Mai Ruƙiyya Ba

Akwai wani aikin marasa aikin yi da Turawa suka ƙware a kai: a tsinci dutse, a wanke, a liƙa masa takarda, a jera a kabad. In abin ya kama ka alhali kana zaune tsakanin Bichi, Dambatta da Tsanyawa, to duwatsun ba za su wahalar da kai ba. Jama'a ne za su.

A wannan yankin ko taku ɗaya na ƙasa yana da mai shi, kuma mai shin yana kallonka daga ƙarƙashin ɗorawa. Saboda haka fara da sallama. Ka ce, "Baba, sannu da aiki, ko zan rage maka tsakuwa?" Zai yarda, don dama ta ishi bakin fartanyarsa. Amma kada ka bari ya ga kana ɗaga dutse sama kana haska shi a rana kana murmushi. Kafin la'asar labari ya kai wa mai unguwa cewa an ga zinariya, kafin magariba kuma 'yan'uwan da suka shekara ashirin a Legas sun bugo waya a sake rabon gado. Dutsen da ka gani a kan iyakar gona kuwa, komai kyansa, bar shi. Wannan samfurin a gaban alƙali ake nazarinsa.

Lokaci mafi kyau shi ne bayan ruwan sama, a bakin kwari, ko gindin tarin ƙasar da masu haƙa rijiya suka fitar. Juya dutse da ƙafa tukuna. Kunama ta riga ka sha'awar ma'adinai.

Yawancin abin da za ka samu marmara ce. Kada ka raina ta, tamar da ke jikin irinta ce ta zaunar da maƙeran farko a gindin Dala. Sai farin dutsen ƙanƙara, wanda in ka yi sa'a za ka samu mai kusurwa shida, garau. A nan ne ake faɗuwa jarrabawa. Gonakin Kano sun daɗe suna cin takin birni, da a kan jakuna, yanzu a tifa, kuma shara ba ta zuwa ita kaɗai. Wannan koren "lu'ulu'un" da zuciyarka ke bugawa a kansa, kwalbar lemo ce. Gwajin mai sauƙi ne: ƙanƙara tana karce gilashi. Haka ɗan ƙyallin nan ruwan zinariya a cikin yashi, danna shi da farce. In ya ɓare, to ka ci gaba da noma. Mai son kuza ta gaske sai ya hau mota zuwa Riruwai, can Doguwa, inda aka riƙa narka ta tun kafin zuwan Turawa.

Wani zai kawo maka gatarin aradu, ya rantse tsawa ce ta jefo shi. Hannun mutanen da ne ya wasa shi, amma ba a tsakiyar kasuwa ake wannan gyaran ba. Dutsen kwalli kuma saya a Kurmi, sai dai ka ɗaga shi sama nesa da yara, don dalma ce a cikinsa. Wannan ba raha ba ce: gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gida ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010.

Batun mallaka, dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Amma kafin Abuja ta ji labari, gida ya gama da kai. Ƙananan duwatsun sun tafi 'yar carafke da harbin danƙo, mai kaushin yana banɗaki ana goge ƙafa. Manyan ukun nan da ka sha wuya ka ɗauko a kan babur, kada ma ka tambayi uwargida. A kansu aka tuƙa tuwon da ka ci jiya.