Wai Me Suke Wa Murna?

Alhazan Galma Koudawatché, labari ya iso mini cewa kun zauna a gindin bishiya kun yanke hukunci. Wai Kiristocin da kuka ji suna waƙa da sassafe a asibitin Galmi, ko dai Turawa sun cika musu aljihu, ko kuma ba su san kuɗin buhun hatsi ba. Madalla da wannan bincike. Ciwon ƙafa ya kai ku, kuka dawo gida da fatawa.

Asibitin nan mishan SIM ce ta buɗe shi a 1950, shekara goma kafin Nijar ta samu 'yancin kai. In kuɗi ne ke sa waƙar, Alhaji, ai da tuni makogwaro ya bushe. Ka dubi ma'aikaciyar jinyar da ta kwana tsaye kan mai naƙuda, idanu jajur, takalmin roba a ƙafa, tana rera waƙarta ƙasa-ƙasa tana wanke hannu. Wannan ce ka ga alamar daula a jikinta?

Abin da Kiristocin suke cewa shi ne, farin ciki kyauta ce daga Allah, suna ƙirga shi cikin 'ya'yan Ruhu tare da ƙauna da salama da haƙuri, kuma ba ya jiran damina ta yi kyau. Manzo Bulus, wanda ya fi kowa nanata zancen murna a wasiƙarsa zuwa ga mutanen Filibi, daga kurkuku ya rubuta ta. A garin Filibin ma an taɓa yi musu bulala shi da abokin tafiyarsa Sila, aka sa ƙafafunsu a turu, tsakar dare sai ga su suna waƙa. A nan Nijar ma, a Janairun 2015 an ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, masu su ba su daina taruwa ba.

Kuna iya cewa ba ku yarda da tushen abin ba, wannan tsakaninku da malamanku. Amma kada ku ce baƙon abu ne. Kai da albasarka ta ruɓe a rudu bara, dillali ya taya ta a wulaƙance, da na ce maka ina aiki, me ka ce? "Da godiya." Har da murmushi, har ka tura yaro ya sayo mini goro. To kai wane Bature ne ya biya ka?