Mutanen Minti Arba'in

Zoom na kyauta minti 40 yake bayarwa ya katse. Iyakar jarin ɗaliban lauya ke nan duk ranar da malami ya ce su jagoranci tattaunawa da kansu, shi kuma ya kashe kyamara ya zuba kunne. A rukuninmu rabi suna Shagari Low Cost, sauran a Jimeta da Girei, kuma tun kullen korona na 2020 aka saba da karatu ta waya. Shari'ar da ba ta tsallake kowa ita ce ta Donoghue da Stevenson ta 1932: matar da aka saya wa lemon citta a Sikotilan, ta sha, aka tsiyayo ragowar sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi. Tambayar ɗaya ce: mai kamfanin yana da alhaki a kan wadda ba ita ta biya kuɗin ba?

Minti biyar na farko na Mai "Ana jina?" ne. Ana jinsa. Sai wadda ta bar makirfo a buɗe har muka haddace cinikinta da ɗan Keke Napep. Sai wanda netwok ɗinsa lafiya lau yake, har zuwa lokacin da aka kira sunansa.

Amma gwanina Malam Ƙari ne. Shi bai taɓa ja da kowa ba. "Ƙari ne kawai a kan abin da 'yar'uwa ta faɗa." Zai gai da malam, ya gai da jagora, ya yi wa kowa sannu da zafi, kuma zafin Yola a watan Afrilu zance ne mai cin lokaci. Daga nan ya maimaita maganar 'yar'uwar tsaf, sai dai ya barbaɗa mata Latin kamar yaji a kan tsire. Ba jahili ba ne, nan matsalar take. Ya san shari'ar Osemobor ta 1973, wadda aka tsinci ruɓaɓɓen haƙori a cikin biskit a nan Najeriya, ya kuma kawo ta daidai gurbinta. Sai ka fara gyaɗa kai. Kafin ka ankara ya koma binciken haƙorin na wane ne, sannan ya nemi a duba matsayin dodon koɗi a mazhabar Malikiyya. Jagora ta ce, "Malam, lokaci." Ya ce, "A taƙaice." Wanda ya san shi, da jin wannan kalmar zai tashi ya ɗora ruwan shayi.

Akwai mai karanto amsar ChatGPT da murya mai nauyi, har da layin ƙarshe inda na'urar take tambaya ko ana son ƙarin bayani. Akwai kuma mai tambaya ɗaya tak: "Yallaɓai, wannan zai fito a jarrabawa?" Shi kam ban ga laifinsa ba, don mutumin kirki ne, kuma hularmu ɗaya.

Duk waɗannan ana dariya a wuce. Wanda ba ya ba ni dariya shi ne Mai Suna a Takarda. Bai buɗe shari'ar ba, bai zo shiri ba, ko kuɗin data bai sa ba. Yarinyar da ta kwana da fitilar waya tana tsefe hukuncin alƙali Lod Atkin a shari'ar Donoghue, bayan ta gama girkin gida da wanke-wanke, ita za ta yi bayani muryarta na rawa. Tana dire aya sai ya buɗe makirfo: "Abin da ƙanwata take ƙoƙarin faɗa shi ne…" Ya kwashe jimlarta ya maimaita da ƙarfi, malamin da ba ya ganin fuskar kowa ya ce madalla. Maki na rukuni ne, don haka goma ɗinta goma ɗinsa. Da daddare kuma zai turo mata saƙo a WhatsApp, ba godiya, ba sallama: "Ki turo min na mako mai zuwa da wuri, in duba miki."