Zuwa ga Malam OpenSSH, Mai Gadin Ƙofofin Kwamfuta

Ranka ya daɗe, gaisuwa daga Kelle, ƙasar Gure, jihar Damagaram. Ina gajiya, ina kuma fama da ɓarayi? Tun 1999 da ka fito daga gidan OpenBSD kake tsaron ƙofar da masu gyara ke bi su shiga kwamfuta daga nesa, ba ka taɓa karɓar ko dala ba. Mai gadi irinka ba a yi masa tsawa, sai dai a tsuguna a kawo kuka. Kukan kuwa shi ne, ka iya sauya kwado, amma ba ka iya sallama da masu gida ba.

A Satumban 2021, da fitowarka ta 8.8, ka daina karɓar sa hannun RSA mai dogaro da SHA-1, sai in mutum ya buɗe shi da kansa. Hujjarka ba ta da makusa. A 2017 masanan Google da na cibiyar CWI ta Amsterdam sun haɗa takardu biyu daban masu hatimin SHA-1 ɗaya, a 2020 kuma aka nuna ana iya ƙera hatimin jabu da kuɗin da bai kai dala dubu 50 ta Amurka ba. Kwadon da ɓarawo ya san farashinsa ya zama ado. To amma dubi wanda abin ya faɗa wa. A ɗauka ma'aikaci yana Yamai, tsohuwar na'urar da yake kula da ita tana Kelle, tsakaninsu fiye da kilomita 1,000. Ya sabunta Ubuntu daga 20.04 zuwa 22.04 kamar yadda ake yi wa kowa wa'azi, washegari ya ƙwanƙwasa, kai kuma ka harɗe hannu ka ce ba ka san wannan gidan ba. Maƙwabcinsa da ya yi kunnen uwar shegu da sabuntawa yana ta shiga abinsa. Ashe ladan mai biyayya kuɗin mota ne zuwa Gure.

Za ka ce ka yi shela, kuma gaskiya ne: tun fitowa ta 8.2, a Fabrairun 2020, kake gargaɗi, wata goma sha tara cur. Sai dai a ina aka yi shelar? Cikin takardar da ke rakiyar kowace fitowa, da Turanci, a ƙasar da ma'aikata suka yi karatu da Faransanci, wurin da ba mai leƙawa sai bayan ƙofa ta rufe. Sanƙira da ya yi shela cikin rumbu ya sauke nauyi, amma gari bai ji ba. Za ka kuma ce layi ɗaya ya isa a mayar da tsohon kwado. Nan ma gizo ke saƙa. Mutumin da aiki ya tsaya masa ba zai zauna tantance na'ura ɗaya ba, zai kwafo layin daga intanet ya buɗe wa duk na'urorinsa, ya manta da shi shekara da shekaru. Garin neman gira an rasa ido.

Ba a ce ka bar ruɓaɓɓen kwado ba, Malam. Makullin DSA da ka rufe a 2015, ka tsige shi gaba ɗaya a 2025, babu mai hankalin da zai yi masa makoki. Roƙon dai guda ne: ka riƙa gargaɗi a bakin ƙofa, a kan allon mai shiga, tun tana buɗuwa, ka ambaci na'urar da abin zai shafa. Ranar da ka rufe kuwa, ka faɗi dalili da maganar da mai gyara zai gane, ka nuna masa yadda zai buɗe wa gida ɗaya kaɗai. Masu Ubuntu da Debian, da suke kawo ka gidajen mutane, su ma a isar musu da wannan saƙo, don a hannunsu akasari ake gamuwa da kai.

Allah ya ƙara maka ido, ya kuma ba ka baki.

Naka, mai jira a bakin ƙofa, daga Kelle.