Dawaki 450, Fetur Galan Ɗaya

Duk wanda ya taɓa zama teburin mai shayi a Tudun Wada bayan isha'i ya san ƙarar. Tun daga nesa za ka ji kamar hadari ya taso daga gabas, karnuka su ɗauki haushi, can sai ga 'yar mota ta ɓullo tana jan ciki kamar kada. Irin waɗannan motoci ba su da yawa a Gusau, amma masu su sun ishi gari, kuma kusan kowannensu na ɗanɗana kuɗarsa.

Sarkin Karkace abokina ne tun firamare, don haka ba labari aka ba ni ba. Mercedes C63 gare shi, 'yar Kwatano, silinda takwas, inji mai lita 6.2, ƙarfin doki sama da 450. Jamusawa sun ƙera ta don titin da ake sakar wa mota linzami har kilomita 250 a awa, sai Allah ya rubuta abincinta a hanyar Tsafe. Ranar wani ɗaurin aure ya ce mu bar motocinmu, minti ashirin mun isa. Muka shige mu huɗu, manyan riguna sun sha sitaci. Ko gari ba mu fita ba muka tarar da tudun rage gudu na farko. Ya tsaya cak, ya murza sitiyari, ya tunkare shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, kamar amarya za ta tsallake kwata da sabon leshi. Duk da haka muka ji ƙurrr daga ƙasa. Ya runtse ido ya yi salati, sai ka ce cikinsa aka kankare. A tudu na biyu ya waiwayi wanda ya fi mu jiki ya ce, "Alhaji, don Allah ɗan sauka, wagga ba ta son nauyi." Kafin Kwatarkwashi abin ya zama doka: a kowane tudu mu uku mu fito, mu saɓa riguna a kafaɗa, mu tsallaka da ƙafa, yara na binmu da kallo. Wata Golf da muka wuce da izgili, cike da mutane da buhunan masara, sau uku tana cim mana. A na ukun direban ya leƙo ya ce, "Yallaɓai, ko a ɗaura igiya?" Daga nan muka faɗa rami. Tayar dama siririya ce, kamar an zizara wa wili kwalli; ta fashe, wilin ya lanƙwashe. Aka buɗe but, babu safaya, sai gwangwanin gam da ɗan famfo. Mai faci ya jujjuya tayar ya ce, "Wanga sai Kano." Ga hanyar da ba wanda ke son rana ta faɗi masa a kanta, balle a gefen mota mai sheƙi. Muka isa Tsafe a motar haya, an shafa fatiha, ko goro bai rage ba. Har yau in aka tayar da zancen sai ya ce laifin hanya ne, ba na mota ba. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa.

Sai Malam Kaya-na-hanya. Tasa tana kan duwatsu huɗu a gindin bedi a Bungudu tun kakar bara. Wani ɗan ƙarfe ne ya mutu a giyabos, bai kai akwatin ashana ba. An duba Ƙofar Ruwa babu, Panteka babu, Ladipo aka turo wanda bai shiga ba, yanzu ana jiran wani da zai dawo daga Dubai. Awaki sun samu inuwa, kaza ta yi ƙwai a bayan taya har ta ƙyanƙyashe. Shi kuwa makullin na maƙale a yatsansa, yana kaɗa shi a bayan ɗan acaɓa.

Mai Galan ya bayyana ne bayan 29 ga Mayun 2023, da aka janye tallafin mai. Littafin motarsa ya ce a ba ta fetur mai lamba 98, gidajen manmu kuwa fetur iri ɗaya suka sani, sunansa fetur. Ko wannan bai samu saya ba. Wajen 'yan bumburutu yake tsayawa, a ɗura masa galan ɗaya ta mazurarin gorar ruwa, ya ba ta wuta sau biyu don 'yan majalisa su ji, rabin galan ɗin ya tafi a nan. Injinta na ƙwanƙwasa kamar ana sakwara, shi kuma har gobe yana ɗora alhakin a kan gurɓataccen man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022.

Akwai na Juma'a, wanda ke wanke tasa kullum amma ba ta fita sai ranar masallaci. Sauran kwana shida a Corollar uwargida yake yawo. Wannan ba ni da ta cewa a kansa, shi ne mai hankalin cikinsu.

Shehin Waya ko keke ba shi da shi, amma ya haddace daƙiƙa nawa kowace mota ke yi kafin ta kai kilomita 100. Shi ke tayar da jijiyar wuya cewa Porsche 911 ba kamar Ferrari ba ce, a Jamus da ita ake zuwa aiki kullum, tana shekaru ba ta yi tari ba. Ban musa ba. Amma can ana canza mata baƙin mai a kan lokaci, mai gyaranta makaranta ya yi a kanta, ƙurar hunturu ba ta toshe mata hanci, ba ta kuma san zafin Afrilun Gusau ba, lokacin da ko jaki ke neman inuwa. In ka faɗa masa haka sai ya ce hassada ce.

Kada a manta da Oga Ba-ta-da-amfani, bakaniken da duk abin da bai gane ba sai ya cire. Na'urar daidaita zafin inji? "Ta ƙasar sanyi ce, ranka ya daɗe." Ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye. Matatar hayaƙin cikin salansa, wadda suke kira indomi, ita ba ya jefarwa, don tana da masu saye. A kan Peugeot 504 ta Kaduna ya koyi aiki, motar da guduma da waya ke tayarwa, yau ga shi da guduma a gaban mota mai kwamfuta.

Duk waɗannan ina yafe musu, kansu suke cuta. Wanda ba na yafe wa shi ne Ɗan Wasan Mota. An ɗauko amarya, shi kuma ya ga filin nuna bajinta: ya ja burkin hannu, ya juya mota a tsakiyar unguwa, ƙura ta turnuƙe, abokai zaune a tagogi suna ihu. A wannan layin ne 'yan makarantar allo ke tsallakawa, a nan mai ƙosai ta kafa kaskonta. Na taɓa fizge yaro ɗan shekara biyar daga gaban irin wannan, ƙafafuna na rawa har na isa gida, direban ko waiwaye bai yi ba. Motar ma yawanci ba tasa ba ce, ta babansa ce ko ta aro, kuma in ta'asa ta auku manya za su taru a zaure a ce ƙaddara ce, a ba iyayen yaro haƙuri. Ƙaddara ba ta jan burkin hannu.

Na ƙarshe wani dattijo ne da ke zagin duk waɗannan a majalisa, alhali shekara uku da suka wuce ya sayar da fili ya sayi tsohuwar BMW mai ƙofa biyu, wai don ba ta tsufa. Fitilar gargaɗin injinta ta kunnu a mako na biyu. An kai ta kwamfuta sau uku, kowane zuwa da cutar da ake faɗa, daga baya ya yanki baƙin salatif ya manne fitilar, ya samu lafiya. Yana ajiye ta a kan gangare saboda batir, yaran unguwa kuma sun san aikinsu da safe. Jiya ma sai da na ƙara musu kuɗin turi, wai Naira hamsin ba ta sayen komai yanzu.