Injin Askin da Ya Biyo Ta Tema

Manyan shagunan intanet na ƙasashen waje sun san Gana, amma saninsu bai wuce Ankara ba. Tempane kuwa, da aka raba ta da Garu ta zama gunduma a 2018, ko a mafarki ba su taɓa jin ta ba.

Injin aski na gani a ɗaya daga cikin shagunan, mai batir, wanda ba ruwansa da ɗauke wuta. Na sa lambar gidanmu ta GhanaPost GPS, tsarin nan da aka kawo a 2017, na ƙara da kwatance don kada su ɓata: bayan masallaci, daura da mai koko. Shagon ya ce ba ya aikowa nan. Wai batirin litiyum na iya kamawa da wuta, jiragen sama na ɗari-ɗari da shi.

Sai na kira Yaya a Bironks ta Amurka, inda 'yan zangonmu suka yi yawa.

"Sha kuruminka, ƙane," in ji shi. "Kuɗin ka ba Inna."

Ya jefa injin cikin duron da yake aikowa gida ta jirgin ruwa. Duro ya sha teku, ya yi zaman jiran kwastan a Tema, ya biyo Kumasi, Tamale, Bolga, Bawku. Ana shuka na biya kuɗi, sai da gero ya shiga rumbu ya iso.

Na buɗe kwali, sai ga inji da doguwar waya. Mai batir ya ƙare a shagon, Yaya ya zaɓo mini "wanda ya fi ƙarfi".

Kawu ne ya fara zama, washegari yana da ɗaurin aure. Na samo adafta na jona. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Inji ya yi gurnani kamar babur ɗin da salansa ya fashe, ya share gefen dama tas, ya yi tari, ya saki hayaƙi. Ƙauri ya cika zaure.

Kawu ya daɗe yana kallon madubi.

"Ɗana, haka Amurkawan ke yi?"

"Sabon yayi ne, Kawu."

Da rawani ya je ɗaurin auren, mutane na ta tambayar wace sarauta aka ba shi.

Da na leƙa kasuwar Sankase, nan bakin iyakar Togo, sai ga mai batir ɗin jibge a faifai, a rabin kuɗin. Na gaya wa Kawu. Ya ce in saya, amma in fara da kaina.