Masu Yi Mini Jaje Kan Mota Mai Kujera Biyu

To jama'a, jajenku ya iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Tun da labari ya bazu cewa na sayi tsohuwar mota mai kujera biyu wadda rufinta na tamfol ne, ake ta aiko mini da ta'aziyyar hankalina. Wasu sun ce kuɗi ne suka yi mini yawa. Waɗanda suka san aljihuna suka ce a'a, tsufa ne ya zo da gardama. Wani dattijo ma cewa ya yi a nemo mai ruƙiyya tun abin bai yi nisa ba. Ku gyara zama, yau zan bi ku gida-gida.

Motar dai Mazda MX-5 ce, wadda Amurkawa ke kira Miata, zubi na uku da aka ƙera tsakanin 2005 da 2015. Ta hannu ce, mai giyar hannu, kuma abin da na biya bai kai kuɗin Corolla sa'arta ba, tunda Corolla kowa na rububinta, wannan kuwa dillalin da kansa tausayina yake ji lokacin da yake ƙirga la'adarsa.

Ranka ya daɗe Alhaji, da kai zan fara, don tambayarka ta fi yawan magoya baya: ina za a sa iyali? Inda suke shiga da can mana. Motar gida tana nan ba a sayar ba, kuma duk mai 'ya'ya biyar da kai makaranta da ya ce wannan ce kaɗai abin hawansa, ni ma ina sahun masu yi masa jaje. Amma tsakaninka da Allah, Sienna ɗin nan taka mai kujera bakwai, ranar Litinin da safe in za ka kasuwa mutum nawa ne a ciki? Kai ne, sai hularka a kujerar gefe. Kujeru shida kake zuba wa mai kullum, har bayan ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafi, ban kuwa ji an taru an yi maka jaje ba. Ni kujera ɗaya tak nake yawo da ita babu kowa a kai.

Akwai kuma wata ni'ima da ba a sanar da kai ba. Ba a aron motata kai amarya. Ba a rubuta sunana cikin masu kwasar tawagar ɗaurin aure zuwa Gusau. Jajiberin Babbar Sallah babu maƙwabcin da ke ƙwanƙwasa mini ƙofa in taimaka in ɗauko masa rago daga kara. But ɗinta lita 150 ne: jakar tafiya, darduma, buta, an gama. Ko safaya kamfanin bai sa ba, ɗan famfo ne da ruwan liƙe taya. Mai mata huɗu ma ta sauƙaƙa masa adalci, wadda ke da girki ita ke da kujera.

Sai ku samari, masu cewa ai ba ta da gudu, wai Camry mai silinda shida za ta bar ta a danja. Gaskiyarku, za ta bar ta, ta kuma jira ta a danja ta gaba. Injin lita 2 ne, ƙarfin doki 160 da 'yan kai, ba abin a zo a gani ba. Ku dai ba ku san don me aka yi ta ba. Turawan Ingila ne suka saba ƙera irin waɗannan ƙananan buɗaɗɗun motoci, su MG da Triumph Spitfire da Lotus Elan, daɗin tuƙi sai wanda ya hau, amma baƙin mai na ɗiga, wayoyin wuta na rikici, ruwan sama na shiga. Zuwa 1980 an daina ƙera MGB da Spitfire, kasuwar ta yi tsit. A tsakanin nan ne wani ɗan jaridar motoci Ba'amurke, Bob Hall, ya ba Kenichi Yamamoto na kamfanin Mazda shawarar a yi irin ta Ingilan, amma wadda za ta tashi da safe in an murɗa makulli. A Fabrairun 1989 aka nuna ta a bajekolin motoci na Chicago: inji lita 1.6, doki 116, nauyi bai kai tan ɗaya ba, farashi dala 13,800. A Hiroshima ake ƙera ta. A shekarar 2000 ta shiga kundin Guinness a matsayin buɗaɗɗiyar mota mai kujera biyu da ta fi kowace samun kasuwa, kuma a Afrilun 2016 ta miliyan ɗaya ta fito daga masana'anta. In hauka ne, ku yi haƙuri, asibitin ya cika tuntuni. Wannan yawan ne ma ya sa talaka irina ya iya taya ta, don abin da ya yi miliyan ba ya wuyar samu a gwanjo.

Sirrinta rashin nauyi. Inji a gaba, tayoyin baya ke turawa, nauyin ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya, kai kuma kana zaune kusa da kwalta, giya a daidai inda hannunka ya faɗi. Ka juya sitiyari kaɗan, hancinta ya riga ya shiga kwana. A kilomita 70 kana jin abin da mai babbar mota sai ya kai 160 yake ji, shi yana wasa da ransa, kai kana bin doka. Wanda ya taɓa hawa Hawan Kibo da sassafe, rufi a buɗe, iskar Filato na dukan kunnensa, yana sauya giya daga ta uku zuwa ta biyu a kwana, ba zai sake tambayata buhu nawa take ɗauka ba. Kawunku da ya ɗaure doki a gida yana ciyar da shi dawa da harawa shekara guda don hawan Sallah, waye cikinku ya taɓa ce masa da jaki ya saya?

Hajiya, ke kuma kin ce rana za ta soya ni, ƙura ta mai da ni fari fat kafin in isa. Allah ya ƙara girma, rufin ba yanke shi aka yi aka jefar ba. Maƙalli ɗaya ne a saman madubi. In sake shi, in tura baya da hannu ɗaya ina zaune, ya kwanta bayan kujera ya ce ƙyas. In na so mayarwa in miƙa hannu ta bayan kafaɗa in jawo, kafin danja ta ba da hannu na rufe, na kunna sanyi. Ba wanda ke buɗe rufi da azahar a watan Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, sai mai neman ciwon kai. Lokacinta bayan asuba ne, da la'asar sakaliya, da dare. Mafi daɗi ma cikin hunturu, ranar da hazo ya yi sauƙi: gilasai a ɗage, hita na hura ƙafa, sanyi na shafa kai. Ingila da ruwa ba ya ɗauke mata tana cikin manyan kasuwannin irin waɗannan motoci a Turai, mu da muke da watanni bakwai na rani ne za mu ce ba ta dace da mu ba?

Hula kuwa, tunda an tambaya: a gudun cikin gari zanna bukar tana zama daram in gilasai na sama. A babbar hanya ka cire ka ajiye, in ba so kake wani yaro ya yi Sallah da ita ba. Babbar riga ce dai ba sa shiri. Sai ka tattare ta har kafaɗa, ka sa ƙafar dama, ka zube, sannan ka jawo sauran kafin ƙofa ta cije hannun rigar. Fitowa a ƙofar masallacin Juma'a kuma, dafa bakin ƙofa ake yi da tafin hannu a miƙe, kuma in gwiwa ta yi ƙara, a ce ƙofar ce.

Abin da ya ba ni dariya, duk cikin masu jajen nan ba wanda ya tsorata ni da abin da ya kamata. Kuna ta rana da ƙura, ni tsatsa nake tsoro. Yawancin motocin nan daga Amurka da Kanada suke zuwa, kuma a jihohi irin su Michigan da Ohio gishiri ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara. Gishirin nan yana cin ƙarfe daga ƙasa, fenti na sheƙi a sama. Don haka mai saye ya bar kallon fenti, ya sa a ɗaga ta a gareji, ya shiga ƙarƙashi da tocila. Ya duba dogarin da ke ƙasan ƙofa, musamman gab da tayar baya, ya danna da babban yatsa. In ya ji ɓurus, ya yi sallama. Ya bi jikin da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle, inda ƙarfe ne amma ya ƙi kamawa, an cike gurbin da fota an shafe da fenti. Sannan ya ɗaga kafet ya shinshina, ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshe. In ya ga busasshen taɓo a gindinsa, motar ta yi wanka a ambaliya kafin ta hau jirgi. Lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17 tana fallasa tarihinta a intanet da 'yan kuɗi kaɗan, har hoton yadda take ranar da aka yi gwanjonta wani lokacin, abin da dillali ba zai so ka gani ba.

Sai magudanan ruwa. Ruwan da ya sauka a kan tamfol yana gangarawa ne ta wasu 'yan ramuka biyu a bayan kujeru, ya bi bututu ya fita ta ƙasa. A can ganye ke toshe su, a nan ƙurar hunturu ce ke taruwa, ruwan farko ya mai da ita laka. In sun toshe, ruwa ya kwanta cikin mota, kafet ya yi wari, tsatsa ta samu gida. Maganin ba ya cin ko sisi: kafin damina ka zura siririyar igiya mai ɗan tauri a hankali, ka tsiyaya ruwan buta, ka leƙa ƙasa. In ka ga yana ɗiga gaban tayar baya, ka kwana lafiya. Ɗan ɗigo a gefen gilashi ranar marka kuwa, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wasunku da suka ɗan waye sun ce to in dole sai buɗaɗɗiya, me ya hana ni Marsandi ko BMW, tunda ana samunsu da araha, ga suna? Ɗan'uwa, araha ba ta ado. Marsandi SLK da ta fito a 1996 rufin ƙarfe gare ta mai naɗe kansa, abin sha'awa, amma famfo ne da bututun mai da ƙananan na'urori ke aikin, kuma roba in ta shekara ashirin sai ta fara yoyo. Ranar da rufin ya tsaya rabi a sama rabi a ƙasa, ga hadari ya taso daga gabas, ranar za ka san yawan masu waya a unguwarku. Haka Peugeot 206 CC. Porsche Boxster ta farkon zubi kuwa akwai wani boris a cikin injinta da ya yi ƙaurin suna, in ya fashe ya tafi da injin gaba ɗaya, kuɗin gyaran ya kusa na motar. Sayen irin waɗannan ba wuya, riƙonsu ne aiki. Rufin da hannunka ke buɗewa ba ya da fis ɗin da zai ƙone.

Batun kayan gyara, a nan kun samu rabin gaskiya, ku riƙe ta da kyau don ita kaɗai za ku samu yau. Injin ɗan gida ɗaya ne da na Mazda3 da Mazda6 da wasu Ford Focus, kuma sarƙa ke juya shi, ba bel ba. Filogi, matatar mai, abin da ake buƙata wajen juye, ba sa gagara a Ƙofar Ruwa ko Panteka, in ta yi tsanani a aika Ladipo. Bakanike mai hankali ba zai ga baƙon abu in ya buɗe bonet ba, sai dai a ce masa ya riƙa duba tankin robar ruwan lagireto, don yana tsagewa in ya tsufa. Amma fitila, bamba, gilashin gaba, tamfol ɗin kansa, waɗannan sai an yi oda daga waje, da dala, a jira makonni. Shi ya sa ɗan A Daidaita Sahu ya fi ba ni tsoro a kan direban tirela. Tsakanin cikinta da ƙasa bai kai tsawon tafin hannu ba, saboda haka tudun rage gudun unguwarmu a karkace nake hawansa, yara na yi mini tafi. A cunkoso rufi a rufe, waya a aljihu. In na ajiye ta ba na barin ko ledar burodi a kujera, kada wani ya sa reza ya yi mini ɓarnar da ta ninka abin da ya ɗauka sau ɗari.

Mai sha'awa ya kula da abu biyu: waɗanda ke zuwa daga Japan da Ingila sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, doka ba ta yarda da su ba, kuma juya sitiyari a garejin bakin titi wasa da rai ne. Sannan a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka in an ce maka 'yar Kwatano ce mai zafi, ka nemi takardun kwastam ka tantance su kafin ka ji daɗin launinta.

Saura abokin wasana Bakano. Shi bai damu da rana ko iyali ba, lissafinsa ɗaya: in na tashi sayarwa wa zai saya? Ya ce na binne kuɗina da raina, ya zagaya ta sau biyu yana girgiza kai, ya daki taya da ƙafa. Sannan ya ce a ɗan kai shi shataletale a dawo, don dai ya tabbatar da ɓatan nawa. Muka je, muka dawo, ya ce a ƙara zagaye ɗaya, wai bai gama tabbatarwa ba. Da muka tsaya ya daɗe bai fito ba, ya ce gwiwa ce. Can ya sassauta murya ya ce, don Allah in na gaji da ita kada in kai wa dillali, shi zai taimaka ya rage mini asara. Malam, albarka.